Faifan Verona

Ranar Talatar da asibiti suka sallamo Glenroy Facey ya zo ya mutu a gida, ni aka fara nema, kuma ba don zumunci ba. Gadon da suka aiko da shi ne ya ƙi shiga falo.

'Yarsa Yvette ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da gwiwar hannu, don hannayenta cike suke da ledojin magani.

"Kawu Aubrey, kana da wuri a falonka?"

"Wurin me?"

"Akwatunan Baba."

Akwatunan lasifika take nufi. Guda huɗu ne, kowanne ya kai kabad ɗin kaya, shi da abokinsa Dudley suka haɗa su da katakon tsofaffin ƙofofi tun suna samari. Shekara talatin da wani abu suna jingine da bangon da ya raba gidana da nasa, suna kaɗa mini kofuna a kanta, suna karkatar da hoton aurenmu. Na kai ƙararsu hukumar unguwa har ma'aikatan suka gane muryata a waya. Yau ga shi ana roƙona in ba su masauki.

"Shigo da su," na ce.

Dudley ne ya ja gaba, da tumbinsa da gwiwoyinsa marasa lafiya, direbobin motar asibitin suna kama masa. Da ya ga kantocin littattafaina sai ya tsaya yana haki.

"Ticha, yau kiɗa ya shigo makaranta."

"Kula da kafet," na ce.

Glenroy yana bakin titi a keken marasa lafiya, an lulluɓe masa ƙafa da bargo, hularsa a karkace kamar kullum. Ciwon a maƙogwaro ya fara, ya cinye muryar kafin ya gangara ƙirji. Abin da ya rage raɗa ce, sai ka sunkuya.

Na sunkuya.

"Kar ka ɗora musu littafi," ya ce. "Suna da mutunci."

"Ban taɓa jin daɗin muryarka kamar yau ba, Mista Facey."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, Yvette ta harare ni ta tura shi ciki.

Ni da shi jirgi ɗaya ya kusa kawo mu. Ni daga St Elizabeth, shi daga Clarendon, yankuna biyu na tsibirinmu, dukanmu yara, aka sauke mu a ƙasar Turawa, a unguwar Tottenham, cikin sanyi da gajeren wando. Daga nan kowa ya kama hanyarsa. Na koyar da tarihi a sakandare har na yi ritaya. Shi kuwa ya riƙe makirufo. Dudley ya ɗora faifai, shi ya hau kan kiɗan da baki, yana rera abin da ya zo masa, yana zuga masu rawa, yana yi wa abokan gaba habaici. Sanƙira ke nan mai lantarki. A takardun talla sunansa Papa Kerosene, wato kananzir, wai don duk ɗakin da ya shiga sai ya kama da wuta.

Zan faɗi gaskiya ɗaya a kansa: kiɗan ya yi ta ƙara sauri, shi kuma bai taɓa faɗowa ba. Ya fara da reggae a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, lokacin kiɗan yana tafiya kamar saniya mai ciki. Da dancehall ta zo da gangar inji, ya koyi cusa kalma biyu inda da yake sa ɗaya. Sai 'ya'yanmu da 'ya'yan Turawan unguwa suka ninka saurin gangar, suka sa wa abin suna jungle. Tsararrakinsa suka ce hauka ne, suka tafi tuƙin bas. Shi yana da shekara kusan arba'in ya riƙa hawa rufin dogayen benaye da yaran, inda suke ɓoye rediyonsu marar lasisi.

Na tare shi a wurin kwandon shara a lokacin, na tambaye shi ko ba ya jin kunya.

"Ticha, ganga ce ke gudu," ya ce. "Bes ɗin, wannan gurnanin da kake ji a ƙirji, yana nan inda muka bar shi. Ni shi nake takawa. Yaran sun zaci gudu nake, alhali tafiyata nake yi."

Ya je Japan, ya je Poland, ya dawo da haƙorin zinariya ɗaya da jakar kaya masu datti. Yaran suka yanyanka muryarsa, suka liƙa ihunsa ɗaya a faifai ɗari ba wanda ya tambaye shi. Har a kantin sayar da takalma na taɓa jin sa yana ihu daga silin.

Duk tsawon shekarun nan ban taɓa buga masa bango ba. A wurinmu buga bango yabo ne. In faifai ya yi daɗi, sai mutane su kama dukan bango da ƙofa da duk abin da hannu ya kai, suna cewa a mayar. Mai ɗora faifan ya dafa shi, ya murza shi baya da ƙarfi har ya yi ƙara kamar an take wutsiyar kyanwa, a faro daga farko. Babu girmamawar da ta wuce wannan. Saboda haka ni sai in sa kwat, in zagaya, in danna ƙararrawa.

Matata Verona ba ta taɓa raka ni ba. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma tana waƙa a coci. A shekarar tamanin da huɗu Dudley da Glenroy za su kara da wasu masu kayan sauti daga kudancin kogin da ya ratsa birnin, suna neman faifan da babu mai irinsa. Irin wannan faifai dubplate muke ce masa. Guda ɗaya tak ake yankawa, a kan farantin ƙarfe da aka shafe da baƙin abu mai laushi, mai warin jan farce. Duk lokacin da allura ta bi ta kansa sai ta ɗan ci. Sabo ma ƙarfinsa bai wuce bugu hamsin ba. In ya tsufa, kowane bugu a bakin ransa.

Glenroy ya ji Verona ta bango tana waƙa tana wanke-wanke, ya zo ya roƙe ta. Na faɗi ra'ayina a kan matar malamin makaranta da gidan rawa. Ta saurara har na gama, ta sa hular cocinta, ta tafi. Suka cinye gasar da faifan. Ban je ba, ina da takardun jarrabawa. Ba ta sake shiga ɗakin ɗaukar murya ba, ba ta kuma taɓa cewa me ya sa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta. Hotunanta sun cika akwati biyu. Muryarta kuwa wuri ɗaya take a duniya, ƙarƙashin gadon maƙwabcina. Kowace shekara in ranar rasuwar ta zagayo, da la'asar, lokacin shan shayi, sai in ji allura ta sauka a wancan gefen. Sau ɗaya yake sa shi, ba da ƙarfi ba. Ina da kujera a jikin bangon, a kanta nake karatu dama. Washegari mu haɗu a wurin kwandon shara.

"Ticha."

"Mista Facey."

Iyakarta ke nan.

Da yake Yvette tana aiki a kantin magani, ni aka bar wa zaman rana. Falon nasa ba akwatunan ya zama kamar bakin da aka cire wa haƙora. A jikin fenti ana ganin sawunsu, wurare huɗu masu haske. Nas takan zo da safe ta duba injin allurar da ke maƙale a hannunsa. Ni nawa in jiƙa masa leɓe da soso, in kore masa baƙi in ya gaji. Baƙin kuwa ba sa yankewa: tsofaffi masu gashi har gadon baya, da ƙartin Turawa masu sanƙo da suke tsayawa a bakin ƙofa suna murza hula kamar yaran da aka kira ofishin shugaban makaranta. Biyu daga cikinsu na koyar da su. Ba su koyi komai ba a lokacin, ban ga alamar sun ƙara ba.

Wata rana ya ce in karanta masa wani abu. Na ɗauko tarihin wani yaƙi. Ban gama shafi biyu ba ya ɗaga yatsa.

"Kana haɗiye ƙarshen layi."

"Karatu nake, ba tallar kifi ba."

"Ka ja numfashi kafin dogon, ba a tsakiyarsa ba. Yanzu na gane abin da ya sa yara ke barci a ajinka."

"Waɗanda suka kwana a wurinka ne ke barci a ajina."

Ya lumshe ido, yana murmushi. "Ci gaba. Wa ya ci yaƙin?"

"Ba wanda ya ci."

"Irin littafinka ke nan."

Ana saura 'yan kwanaki ya cika, ya nuna mini ƙarƙashin gado. Na durƙusa, na jawo akwatin ƙarfe, na buɗe. Faifai ne jere cikin jakunkunan takarda, warin jan farce ya bugo ni. Ya sa na zaro na can ƙarshe. An rubuta VERONA da jan alƙalami, ya kusa gogewa. Ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Ya fi yadda na zata nauyi. Gefensa ya tsattsage kamar busasshen taɓo, wani wurin har baƙin ya fara ɗagowa daga ƙarfen.

"Ina so a sa shi ranar da za a kai ni," ya ce. "A akwatunan. A gaban mutane."

Na juya faifan a hannuna.

"Amma rabinsa naka ne. Shi ya sa nake tambaya."

"Ba zai kai ƙarshe ba. Dubi bakinsa."

"Zai kai sau ɗaya. Wataƙila."

"To a kwafe shi tukuna. Yanzu akwai masu yi, a zuba a kwamfuta."

Ya girgiza kai a kan matashi. Sai da ya tara numfashi kafin ya yi magana.

"Ba a kwafar dubplate, Ticha. Ranar da aka kwafa, ya zama na kowa. Ka ji yadda suka yi da tawa muryar. Sun zo sun zo, da kuɗi a hannu, wai in ba su waccan matar. Ban bari sun taɓa ta ba."

"Wannan al'adarku ce, ba tawa ba."

"Na sani. Tafi da shi. Bayan na wuce, ka yi abin da ka ga dama." Ya yi tari, na miƙa masa soso. Ya juya ido ya kalli wuraren nan huɗu masu haske. "Bangon nan, yana da kauri?"

"Da kauri. Ginin da ne."

"Haka na zata," ya ce, ya rufe ido.

Ranar Lahadi da safe ya cika, ana buga ƙararrawar cocin kan kwana. Yvette tana riƙe da hannunsa, ni ina kicin ina jiran ruwa ya tafasa. Ta leƙo ta ce, "Kawu, ya tafi." Na kashe wuta. Muka rufe madubin falon da zane, ta kira likita, na zauna a bakin ƙofa ina gaya wa masu zuwa.

Cikin makon na sa faifan a jaka na hau bas zuwa unguwar Hackney, wurin wata mata mai ɗakin gyaran tsofaffin sauti. Ta sa safar hannu, ta duba shi a ƙarƙashin fitila. Ta ce za ta iya kwafe shi, amma sai ta aika an kawo mata wata allura marar nauyi, kuma mai yiwuwa sau ɗaya tak faifan zai jure allura. Ta ba ni rana bayan jana'iza. Ta ce kafin nan kar in bari kowa ya ɗora shi a kan komai. Na ce ba ta da matsala da wannan.

Ana gobe jana'iza Dudley ya zo da mota kwasar akwatunan zuwa zauren coci, Yvette na biye da shi da takardar cefane. Faifan yana kan teburina. Ya gan shi, ya goge hannu a wando, ya zaro shi, ya karkata shi wajen taga.

"Kai. Wa ya cinye wannan? Mu ba mu buga shi ya fi sau goma ba muka ajiye."

"Tsufa," na ce.

Ya dube ni, ya dubi kujerata, ya dubi bangon. Ya mayar da faifan cikin jakarsa a hankali.

"To, gobe fa?"

"A'a."

"Baba ya ce kar a matsa maka, Kawu," in ji Yvette. "Ba komai. Akwai wasu faifan da yawa."

"Ni bai ce mini komai ba," in ji Dudley. "Ticha, me za ka yi da ita? Ka zuba ta a kwamfuta, ka toshe kunne da waya, ka riƙa jin ta kai kaɗai kamar mai sauraron sakamakon ƙwallo?"

"Matata ce."

"Ba wanda ya ce ba taka ba ce. Ina tambayarka, ka taɓa jin ta a ɗaki? Ba a kicin ba, ba a layi na uku a coci ba. A ɗaki cike da mutane, daga cikin waɗannan?" Ya mari akwatin da ke kusa da shi. "Ni na ji. Mutum ɗari biyar suka yi tsit, har 'yan kudancin kogi. Ta tsaya a bayana da hularta tana cewa, Dudley, ni ce wannan? Kai kana gida da jan biro."

"Kawu Dudley," in ji Yvette.

"Na yi shiru," in ji Dudley.

Suka fitar da akwati uku. Suna kama na huɗu na ce:

"Sau ɗaya. Ka cire kwabon nan da kake ɗorawa a kan allura don ta yi nauyi."

"Bes zai sa ta yi tsalle."

"To ka rage bes. Kuma ba mayarwa. Ko rufin zauren za su rushe, hannunka ba zai taɓa faifan nan ba."

Ya ɗaga hannu sama kamar a kotu. "Na rantse da gwiwoyina."

A maƙabarta mun yi yadda muka saba. Ma'aikatan suka koma gefe da motar haƙarsu, maza suka tuɓe kwat suka karɓi shebur, mata suna waƙa har kabarin ya cika ya yi tudu. Na zuba shebur uku, bayana ya ce ya isa. Ɗaya daga cikin masu sanƙon nan ya karɓa, ya ce, "Kawo, Sa," yana kuka kamar yaro.

Zauren ya cika tun rana na sama. Shinkafa da wake, naman akuya, romon kai a kofunan roba, farar giyar ram a ƙarƙashin tebura don kar fasto ya gani, ko da yake ya gani. Matan coci da hulunansu a gefe ɗaya, 'yan jungle da suka fara furfura a ɗaya gefen, ga wasu Japanawa biyu da suka taso takanas, sun tsaya cikin baƙaƙen kwat da faranti a hannu. Akwatunan huɗu suna kusurwoyi huɗu.

Dudley ya bi rayuwar marigayin a jere, faifai bayan faifai. Ya faro da masu tafiyar saniya, tsofaffi suka tashi suna jujjuya kafaɗa. Ya shiga dancehall. Da ya kai jungle tagogi suka kama rawa, matan coci suka dafe huluna, amma na lura ƙafafunsu suna taka bes ɗin, a hankali, daidai yadda marigayin ya ce. Ko'ina muryarsa ce, ƙarama, babba, yankakkiya. Mutumin da ya mutu da raɗa ya hana kowa jin na kusa da shi.

Sai Dudley ya sauke komai. Ya ɗauki makirufo, abin da ba aikinsa ba ne.

"Wannan na gaba, wasunku ba a haife su ba. Sau ɗaya za a sa, don haka mai tari ya yi yanzu."

Ya cire kwabon daga kan allura, ya ɗaga mini shi daga nesa, ya jefa a aljihu. Ina zaune a tebur na biyu, Yvette a gefena. Allurar ta sauka. Aka ji ƙarar tsufa, kamar ana soya ƙwai a ɗaki na gaba. Sai muryar Glenroy, yana ɗan shekara ashirin da wani abu, cike da iska da rashin kunya:

"Ku yi shiru, 'yan kudu, babbar mace za ta yi magana. Verona Pinnock, daga Tottenham. Mijinta yana gida yana ba yara sifili. Ticha, in kana ji, buga bango!"

Zauren ya fashe da dariya, kawuna suka juyo wajena. Na san layin. Shekara goma sha ɗaya ina jin sa. A bayansa akwai dariyar Verona, 'yar gajeruwa, irin wadda take yi ta hanci in an ba ta kunya. Ita ma na san ta. Amma na san ta ƙarama, kamar daga cikin aljihu. Yanzu ta fito daga kusurwa huɗu, da girman mutum, har ina jin inda ta ja numfashi.

Ta fara. Waƙa ce mai sauƙi, ta ɗauko salon coci ta sa sunan kayan sautin Dudley a ciki, tana gaya wa abokan gaba su tattara wayoyinsu su kama bas ɗin ƙarshe. Ba wata magana mai zurfi. Amma muryar ta hau can sama ta tsaya ba ta girgiza, bes ya shigo ta ƙarƙashinta, kofin da ke gabana ya fara tafiya a kan tebur. Na zauna da matar nan shekara talatin da shida. Ban san tana da wannan ba.

Ba ta gama baiti na farko ba wani tsoho ya mari bango. Sai wani. Sai ƙofar gudun gobara, da tebura, da tiren abinci. Matan coci suna dukan kujeru da jakunkuna. Japanawan sun ajiye faranti suna dukan ginshiƙi.

"Mayar! Mayar da shi!"

Dudley ya ja baya daga teburinsa, ya sa hannu biyu a bayansa. Faifan yana juyawa, allurar tana tafiya lafiya, ta wuce wuri mafi muni. In aka bar ta za ta kai ƙarshe, ranar Litinin in hau bas zuwa Hackney. Dukan ya ƙaru. Wasu suka fara yi masa tsawa, me yake jira, ya manta aikinsa ne? Bai kula su ba. Ni yake kallo. Yvette ta dafa mini hannu ta ce a kunnena, "Kawu, ba dole."

A tamanin da huɗu sun yi mata wannan, tana tsaye da hularta. An gaya mini. Na dubi zauren, mutum fiye da ɗari uku suna neman rushe ginin coci saboda matata.

Na ɗaga yatsa na juya shi a iska, alamar a mayar.

Dudley ya ɗaga gira. Na gyaɗa kai.

Ya dafa faifan ya murza shi baya. Ƙarar ta tsaga zauren, ihu ya bi ta. Ya ɗora allurar a farko. Glenroy ya sake cewa in buga bango. Verona ta sake dariya. Ta ja numfashi, ta yi layi ɗaya, ta shiga na biyu. Daga inda nake na hango wani baƙin zare yana nannaɗuwa a gaban allurar, kamar ɓawon da wuƙa ke ferewa. Muryar ta dushe, ta dawo, ta yi tsalle ta maimaita kalma ɗaya. Sai ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe.

Dudley ya ɗaga allurar.

Ba wanda ya motsa. Can wata tsohuwa daga cikin mawaƙan coci ta ɗauka daga inda aka tsaya, sauran suka bi, aka kai waƙar ƙarshe da baki. Rabin kalmomin ba daidai ba ne. Ban gyara musu ba.

Ranar Litinin na kira matar Hackney na ce ta mayar da allurarta. Yvette ta turo mini bidiyon da wani ya ɗauka da waya. Ba a jin komai a ciki sai bango.

Akwatunan sun dawo falona, don Dudley a bene na tara yake kuma lif ɗinsu, injin hawa bene, ba ya aiki. Na ɗora musu littattafai. Faifan yana jingine a kanta kusa da hoton aurenmu, rabinsa baƙi, rabinsa farin ƙarfe da kan kama hasken taga. Asibiti sun zo sun kwashe gadonsu, Yvette ta sa gidan a kasuwa, tana zuwa ranar Asabar tana cika kwalaye.

Jiya da la'asar na haɗa shayi na zauna a kujerata. Ba kowa a wancan gefen. Ina jin famfon kicin ɗinsa yana ɗiga, ɗaya bayan ɗaya, a cikin kwanon da aka manta. Na ajiye kofin, na shimfiɗa tafin hannuna a kan fentin bango. Da sanyi.

Bangon ba shi da kauri, Glenroy. Ko kaɗan.